Ina Maharbi A Finafinanmu? Daga Dajin Ruwa Na Amurka Zuwa Fakon Bodinga Da Shagari

Mai karatu, yaushe rabon ka da ka ga maharbi na gaskiya a fim ɗin Hausa? Ka natsu ka tuna. Tun daga Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a 1990 har zuwa finafinan yau masu dogon zango da ake kallo a waya, mun ga alhazai, mun ga 'yan boko, mun ga kishiyoyi da surukai har sun gundure mu. Amma mutumin da ya san daji, wanda zai duƙa ya dubi sawu ya ce maka wannan gada ce, kuma ba ta daɗe da wucewa ba, shi kam har yanzu industiri ba ta ba shi kujerar zama ba.

In ma an sako shi, to ɗayan uku ne. Ko dai boka ne a fakaice, an lafta masa layu da guraye har ba ya iya ɗaga hannu, yana zare ido yana ɓacewa. Ko kuma sakaran ƙauye ne na finafinan camama, wanda zai harba bindiga ta tashi da shi ya faɗi wanwar a yi dariya. Ko kuwa ɗan aike ne kawai: gimbiya ta ɓata a daji, ya tsince ta, ya kai ta fada, daga nan ba ka ƙara jin ɗuriyar sa. A duk ukun ba farauta ake nuna mana ba, kayan farauta ake nuna mana. Warki da kwari da baka ne suke wasa, mutumin da ke cikin su ko oho.

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne dajin kansa. Labari ya ce ƙauyen ƙasar Sakkwato ne ko Katsina, amma da an zo sin ɗin daji sai darakta ya kwashi jama'a zuwa Tiga ko Falgore ko Jos da tsakiyar damina, domin wai a samu kore shar. Wasu ma yanzu sun huta da wahalar tafiya, sai su yanko hoton zaki ko na gandun dajin wata ƙasa daga intanet su liƙa. Me ya jawo haka? Ido ne ya saba da finafinan waje, har muka ɗauka daji ba ya amsa sunan sa sai da dogayen itatuwa da hazo da ruwan sama. To bari mu leƙa wancan dajin da muke kwaɗayi, mu ga abin da ke cikin sa, sannan mu dawo gida.

Dajin da rana ke marmari

A arewa maso yammacin Amurka, a jihohin Washinton da Oregon da ke bakin tekun Fasifik, akwai duwatsu da kurmi inda ruwan sama ya mai da wurin gidan sa. A kwarin Hoh, ruwan da ke sauka a shekara ya haura milimita 3,000. Mu a ƙasar Sakkwato abin da muke samu bai cika wuce 600 zuwa 700 ba, shi ma daga Yuni zuwa Satumba. Ka ga ke nan daminar su ɗaya ta kusa biyar ɗin mu. Itatuwa sun haɗe sama, gansakuka ta rufe komai, ƙasa kullum a jiƙe.

A nan ne wata dabba take, dangin barewa, wadda Amurkawa ke kira elk. Ka ɗauko gwanki a ran ka, ka ƙara masa jiki, domin ƙaton namiji yana kai kilo 400, wani ma ya haura. Sai dai ƙahon sa rassa gare shi kamar busasshiyar bishiya, kuma duk shekara yake zubar da shi wani ya tsiro. Irin na wannan yankin an laƙaba masa sunan shugaban ƙasa Theodore Roosevelt, wanda a 1909 ya keɓe wani yanki na duwatsun Olimpik saboda dabbar ta kusa ƙarewa a hannun maharba. A 1938 aka mai da wurin gandun daji na ƙasa, kuma a cikin sa ba a farauta. A dazuzzukan da ke kewaye ake yi.

Yadda suke yi kuwa duk dajin ne ya tsara masu. Saboda duhuwa, mutum ba ya hango nesa, sai ya yi ta sanɗa shi kaɗai ko su biyu, yana lura da inda iska ta dosa kada dabba ta shaƙi warin sa. A watan Satumba, lokacin barbara, mazan suna wani irin kuka mai kama da busa, sai maharbi ya kwaikwayi kukan da ɗan abin busawa domin ya jawo namijin. Ruwan sama yana taimakon sa, domin jiƙaƙƙen ganye ba ya ƙara a ƙarƙashin ƙafa. Yana kuma cutar sa, domin in ya harbi dabba ba ta faɗi nan take ba, ruwan zai wanke jinin da zai bi. In ya kashe, a nan zai feɗe, ya yi ta jigilar nama a baya, sawu bayan sawu, yana hawa dutse yana gangarowa.

Kuma ba kara zube abin yake ba. Sai da lasin, sai a kwanakin da hukuma ta yanke, akwai na masu baka daban, na masu bindiga daban, kuma laifi ne ka kashe ka bar nama ya ruɓe. Tun 1937 suke da dokar da ta ɗora haraji a kan bindigogin farauta da harsasai, kuɗin na tafiya wajen raya namun daji. Da irin wannan ne dabbar da ta kusa zama tarihi a farkon ƙarni na 20 ta dawo ta kai wajen miliyan ɗaya a nahiyar.

Barewar aro

Fim ɗin da ya fi shahara da nuna farauta a irin waɗannan duwatsu shi ne The Deer Hunter na darakta Michael Cimino, wanda ya fito a 1978 ya kuma lashe kyautar Oska guda biyar. Robert De Niro da Christopher Walken da Meryl Streep duk suna ciki. Labarin wasu abokai ne ma'aikatan kamfanin narka ƙarfe a jihar Fensilbaniya, waɗanda uku daga cikin su suka tafi yaƙin Biyetnam, yaƙin ya tarwatsa rayuwar su.

Abin dariya, su ma sun yi irin halin namu. Labari ya ce Fensilbaniya, amma wajen dutsen Baker a jihar Washinton aka ɗauki sina-sinan farautar, tazarar dubban kilomita, saboda can ne duwatsu suka fi cika ido. Dabbar da aka nuna ma ba ƙaramar barewar da mutanen Fensilbaniya suka saba harbi ba ce, ƙatuwa ce dangin elk. Waɗanda suka san dajin sun daɗe suna yi wa fim ɗin tsiya a kan haka, kuma da gaskiyar su. Ashe dai aron daji ba a kan mu aka fara ba.

To me ya sa duk da haka ake ganin girman fim ɗin? Saboda farautar tana ɗauke da labarin. Kafin yaƙi, jarumin yana da aƙidar cewa maharbin kirki da harsashi ɗaya yake kashe dabba, ba ya azabtar da ita. Ya hau dutse, ya harba sau ɗaya, ta faɗi. Bayan ya dawo daga yaƙi, ya ga yadda ake wasa da ran ɗan'adam da harsashi ɗaya a cikin bindiga, sai ya koma dutsen nan. Ya bi dabba, ya same ta a saiti, sai ya kasa. Ya ɗaga bakin bindiga ya harba a iska, ya bar ta ta tafi. Ba wanda ya tsaya ya yi mana wa'azi cewa wannan mutum ya canza. Farauta biyu aka jera, ɗan kallo ya gane da kansa. Cire su, fim ɗin ya rushe. Yanzu ɗauki duk wani fim namu mai maharbi, ka cire maharbin. Wallahi ko gezau labarin ba zai yi ba.

Tsoho da daji

Wanda ya fi kusa da zuciya ta shi ne Dersu Uzala na darakta Akira Kurosawa ɗan ƙasar Japan, wanda ya yi a Tarayyar Sobiyat a 1975, ya kuma ci Oska ta fim ɗin harshen waje. An ɗauko shi daga littafin wani hafsan sojan Rasha, Vladimir Arsenyev, wanda ya yi aikin awon ƙasa a kurmin Ussuri a 1902 da 1907, wani tsohon maharbi yana yi masa jagora.

Tsohon nan bai ɓace ba ko sau ɗaya, bai tashi sama ba. Amma yana duban sawu ya faɗi wanda ya wuce, tsoho ne ko yaro. Sun kwana a wata bukka a daji, da za su tafi sai ya gyara rufin ta, ya roƙi a bar shinkafa da gishiri da ashana saboda wanda zai zo bayan su, mutumin da bai sani ba kuma ba zai taɓa gani ba. Da guguwar sanyi ta rutsa su a kan daskararren tafki, da ciyawa ya yi masu maɓoya suka kwana da rai. Daga baya idon sa ya fara rauni, ya auna dabba ya kuskure. Hafsan ya kai shi gidan sa a birni. Tsoho ya ga ana sayar da ruwa, ana sayar da itace, an hana harbi, ya sari bishiya an kama shi. Ya ce a mai da shi daji. Hafsan ya ba shi sabuwar bindiga, kuma saboda bindigar nan ake zaton aka kashe shi a hanya. Ba soyayya, ba rawa, amma in ka gama kallo sai ka yi shiru.

Kada ka ce ai wannan sai Turawa da Japanawa. A nan maƙwabtan mu Nijar, Jean Rouch ɗan Faransa ya shafe shekaru daga 1958 zuwa 1965 yana bin maharban Songhai na yankin iyakar Nijar da Mali, ya fitar da La Chasse au lion à l'arc, wato farautar zaki da baka, wanda ya ci kyauta a bikin finafinai na Benis a 1965. Busasshen daji ne irin namu sak, ƙaya da ƙura. Ya nuna yadda ake ƙera kibiya, yadda ake dafa dafi, yadda makiyaya ke kiran maharba in zaki ya addabi shanu, har da yadda maharbi ke lallashin dabbar da ya harba kafin ran ta ya fita. Ana iya sukar Rouch cewa muryar sa ta yi yawa a kan ta mutanen, kuma idon baƙo ne. Amma ya zauna ya kalla. Mu 'yan gida ko zaman ba mu yi ba.

Namu dajin

Yanzu mu dawo gida. Ka bar birnin Sakkwato ka ɗauki hanyar Jega. Ba ka yi nisa ba za ka iso ƙasar Bodinga, inda Sifawa take, garin da Shehu Usmanu ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815. Ka ƙara gaba ka iso Shagari, mahaifar marigayi shugaban ƙasa Alhaji Shehu Shagari. Dubi hagu da dama. Gonakin gero da dawa da wake, fadamu nan da can, jan fako da 'yan tuddan marmara, sabara da geza da kalgo, gawo da kuka da aduwa jefi-jefi. In rani ya yi, kana hango mutum tun yana ɗan ɗigo.

Wannan ƙasa ita ta tsara irin farautar ta. Ɗan Washinton yana fita cikin ruwa, namu sai an kawar da amfanin gona, ciyawa ta bushe, domin da damina kowa na gona, kuma ba mai yarda a tattake masa shuka. Can shiru ake so, nan hayaniya ce makami. Tunda fili ne fetal, ba zancen sanɗa, sai a taru da yawa a ja dogon layi, a yi ta kururuwa ana dukan sabara, abin da ya zabura karnuka su bi. Can dabba ɗaya ta ishi gida cin wata da watanni. Nan zomo ne, gafiya, kurege, damo, zabon daji, makwarwa, in an yi babbar sa'a a ta da gada. Manyan irin su gwanki da ɓauna sai dai a bakin tsofaffi da kirarin makaɗa. Fari na 1972 zuwa 1974 da na farkon shekarun 1980, da yawan jama'a, da faɗaɗa gonaki, da saran itacen girki, da su kan su mafarautan, duk sun taru sun cinye dajin.

A nan ma akwai bambancin da finafinan mu ke cakuɗawa. Maharbi daban, mafarauci daban. Maharbi shi ne mai kwari da baka ko bindigar harba-ka-ruga, galibi gado ya yi, shi kaɗai yake shiga daji, yakan kwana yana dako a mashaya, ya san saiwa da sassaƙe, shi ya sa rabin sa mai magani ne. Su ne ke da sarkin baka. Farauta kuwa ta taro ce: a yi shela, a sa rana, ƙauyuka su haɗu da karnuka da gora da adda, da makaɗa da 'yan tauri. Duk wanda ya taɓa sauraren Kassu Zurmi ya san irin zumar da kiɗan mazaje ke yi wa mai ji da kansa.

To a wajen rabon abin da aka kama, nan wasan kwaikwayon yake. Zomo ɗaya ya zabura. Karen mutanen wannan ƙauye ne ya ta da shi, gorar ɗan wancan ƙauye ce ta karya shi, wani ƙato daga gefe ya riga kowa dafe shi. Na wane ne? Naman bai fi a ci a lashe hannu ba, amma a kan sa ake zare wuƙa, domin ba zomon ake wa faɗa ba, sunan gari da na uba ake karewa. Hausawa da suka ce zomo ba ya fushi da makashin sa sai da maratayin sa, a irin wannan fili suka samo maganar. Mai karatu, wace rigimar gado ko ta kishiya ce ta fi wannan zafi? Ga jarumta, ga son kai, ga dattijon da zai shiga tsakani, ga ƙura ta turnuƙe, ga rana tana faɗuwa jajir a bayan kuka. Duk kyauta, ba sai an je Jos ba.

Ba tsarkaka ba ne, ba kuma dodanni ba

Ba ina cewa a yi fim na wanke mafarauta ba ne. Suna da nasu. Wutar da ake cinna wa daji domin a kori gafiya ita ce ke cinye ciyawar makiyayi da karan manomi, wani lokaci har da rumbu. Ba a barin mai ciki, ba a barin ƙanana. A wasu birane, musamman Kano, sunan farauta ya daɗe da cuɗanya da daba da shaye-shaye. Dokoki kuwa suna nan a takarda, tun daga dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 har zuwa dokar soja mai lamba 11 ta 1985 kan dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, amma mutum nawa ne a bakin daji suka taɓa jin labarin su?

Addini ma bai bar abin haka nan ba. A farkon Suratul Ma'ida an halatta abin da horarriyar dabba ta kamo in an ambaci sunan Allah, an kuma hana farauta ga mai harami. Risala, wadda kowane almajirin zaure ya sani, ta karhanta farautar da wasa kawai aka nufa da ita. Ka ga ashe akwai muhawara a cikin gida: tsakanin mai neman abin miya da mai neman suna, tsakanin malamin da ke ƙyamar layu da maharbin da ya gaje su. Fim ɗin kirki a nan yake samun nama.

Sannan zamani ya ɗora wa mafarauci wani kaya. A 2014 mafarauta suna cikin waɗanda suka taimaka wa sojoji wajen fatattakar Boko Haram a yankin Mubi ta jihar Adamawa. A'isha Bakari Gombi, mace maharbiya, sai da gidan talabijin na Aljazeera ya yi fim a kan ta a 2018, mu muna nan muna jayayya a kan wa ya fi wani iya rawa. A Sakkwato da Zamfara kuwa, tun da 'yan bindiga suka mamaye dazuzzuka da dama, mai shiga daji da makami ya shiga tsaka mai wuya: ɓarayi na ganin sa ɗan leƙen asiri, jami'an tsaro na iya ɗaukar sa ɓarawo.

Kowa ya tuna abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025. Mafarauta 'yan jihar Kano sun taso daga Fatakwal za su gida yin Sallah, 'yan banga suka tare motar, aka ga bindigogin gargajiya, aka ce masu satar mutane ne, taron jama'a suka kashe 16 daga cikin su. Allah ya jiƙan su. Ba na ce rashin fim ne ya kashe su ba, zalunci ne ya kashe su. Amma abin ya nuna cewa a ƙasar nan akwai miliyoyin da ba su san akwai wata sana'a wai ita farauta da Bahaushe ke bin ta har kurmi ba. Finafinan mu ana kallon su a tauraron ɗan'adam da intanet, da fassarar Turanci a ƙasa. Sama da shekara talatin muna da wannan dama, me muka gaya wa duniya game da mutumin nan mai kare da bindigar toka? Boka ne, ko wawa.

Uzurin furodusa

Na san abin da furodusa zai ce. Kasuwa soyayya take so. Karnuka ba sa jin "akshin". Ina za a samo gada? In aka nuna tauri, hukumar tace finafinai za ta ce tsafi ne.

Mu bi su ɗaya-ɗaya. Kasuwa dai ba ta taɓa ƙin abin da ba a kai mata ba. Sangaya da ta girgiza kasuwa, ai gidan sarauta da kayan gargajiya ta nuna, lokacin da wasu ke ganin sai falo da mota. Kuma wa ya ce mafarauci ba ya soyayya? Batun karnuka, ba sai ka horar da kowa ba. Ka je da kyamara ranar farauta ta gaskiya, da izinin masu ita da na hakimi, ka ɗauki abin da ya samu, sannan ka gina labarin ka a kai. Dabba kuwa ba dole a kashe ta a gaban kyamara ba. Ƙura, haushin kare, fuskar yaro, sai a ga an ratayo abu, ya wadatar. Rashin gadar ma ai shi ne labarin. Tauri kuma, nuna abu daban, tallar sa daban. Ka nuna mutumin da ya yarda da maganin sa, ka nuna ranar da wuƙa ta ci shi, ka bar ɗan kallo da tunanin sa.

Ga kyauta na ba duk mai so. Tsohon maharbi a wani ƙauye tsakanin Bodinga da Shagari, ido ya fara hazo, yana ɓoyewa. Rabon sa da kashe abin kirki an yi shekaru. Babban ɗan sa yana so a sayar da karnuka da bindiga a haɗa kuɗin babur ya shiga birni kabu-kabu. Ƙaramin yana son gadon, amma abokan sa na jan sa zuwa sa-kai, inda abin harbin ba dabba ba ce. Sai ga shelar farauta, sai ga gada ɗaya tilo ta zabura a gaban tsoho, da ciki, duk gari na kallon sa. Ya harba ko ya ƙyale? In ya ƙyale, tausayi ne ko makanta? Shi kaɗai ya sani. A yi shi da rani, cikin hunturu ko zafin bazara. A bar 'yan wasa su yi Sakkwatanci, su ce hwarauta, su ce wanga da wagga, kada a kawo ɗan Fagge a ɗaura masa warki yana karya harshe.

Marubutan littattafai, ku ma ba ku tsira ba. Marubutan farko irin su Abubakar Imam da Bello Kagara da Abubakar Tafawa Ɓalewa, da littattafan su suka fito a shekarun 1930, ba su ji tsoron fitar da jaruman su daga gari ba. Na yanzu kuwa daga falo sai ɗakin kwana sai filin jirgi. Marubuci ba ya buƙatar kyamara ko kuɗin lokeshan. Kuɗin mota kawai zai kashe, ya je ya gaida sarkin baka, ya zauna a kan buzu ya yi tambaya: ya ake gane sawun dila da na kare? Me ya sa ake dafa kwankwani? Wace dabba ce uban ka ya kashe wadda kai ba ka taɓa gani ba? Amsar tambayar nan ta ƙarshe kaɗai ta isa littafi.

Waɗanda suka ga gwanki da idon su a ƙasar Sakkwato tsufa suke yi, kullum ana rage su, kuma abin da ke kan su ba a rubuce yake ba. Masu dajin ruwa sun tsare dabbar su da doka, sun kuma adana maharbin su a fim. Mu dabbar ta riga ta tafi. Saura mutumin, shi ma yana bakin ƙofa. Duk daraktan da ke da niyya, farautar bana tana nan tafe da an gama girbi, kuma daga Sakkwato zuwa Shagari ba tafiyar kwana ba ce.